Kyautar Gwaggo daga Jamus ta haɗa ni da dangin miji

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, wata takwas ke nan da bikina. Gwaggona da ke zaune a Jamus ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara bakwai, bayan rasuwar mahaifiyata. Ba ta samu zuwa bikin ba, sai ta aiko mini da kwali biyu na kofunan gilashi masu doguwar ƙafa, shida-shida a kowane kwali. Sirara ne ƙwarai, ga sheƙi. Na jera su a sho-gilas, ban taɓa amfani da su ba sai da Babbar Sallah da dangin maigidana suka zo. Na haɗa zoɓo mai abarba na zuba a ciki, na kawo a tire. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta dube su ta ce, "Waɗannan ai kofunan 'yan giya ne. A ba ni ruwa a kofin silba." Daga haka ba ta ƙara cewa komai ba, amma a gaban faccalolina ta faɗa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari ina barci, ƙanwar maigidana da ke zaune a wurinmu tana karatun sakandare ta kwashi kofunan ta haɗa da tukwanen suyar nama, ta wanke da ruwan zafi da omo da soson waya. Biyu sun karye a ƙafa, ɗaya ya ɓantale a baki, sauran tara sun yi hazo sun daina sheƙi. Na yi mata faɗa ba kaɗan ba, har ta yi kuka, tun ranar daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Maigidana ya ce kofi ne kawai, in bar maganar, zai sayo mini wasu a kasuwa. Ga shi Gwaggo za ta zo gida a watan Disamba, kuma na san sai ta tambaya. Anti, da gaske laifi na yi da na kawo su? Waɗanda suka yi hazo za su gyaru? In zan sayi madadin waɗanda suka karye, yaya zan gane masu kyau? Kuma yaya zan yi da yarinyar nan?

Ƙanwarki, daga Kaduna

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya saka wa Gwaggo da alheri, ya ba ku zaman lafiya ke da maigidanki.

Ba kuɗin kofi ke ci miki rai ba, wannan a fili yake. Matar da ta raine ki ba ta ga ranar aurenki ba, abin da ta aiko shi ya tsaya a madadinta a ɗakinki. Kin yi ta tattalinsu wata da watanni, ranar da kika fito da su don ki fita kunyar dangin miji aka kushe su, gari na wayewa aka fasa. Duk wadda aka yi wa haka sai ranta ya sosu, kada wani ya sa ki ji kamar kin cika son abin duniya. Sai dai da na bi mutanen da ke cikin labarin nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya kwana da niyyar cuta miki ba, kuma wannan shi zai sa gyaran ya zo da sauƙi.

Mu fara da Hajiya, don tata ce ta fi nauyi. Abin da ta faɗa ba ƙarya ba ne. Kofi mai doguwar ƙafa da faffaɗan ciki da tsukakken baki, Turawa sun ƙera shi ne don giyar inabi. Ƙafar an yi ta ne don a riƙe a nan, kada zafin tafin hannu ya ɗumama abin da ke ciki, kada kuma shatin yatsu ya ɓata gilashin. Faɗin cikin don ƙamshi ya samu wurin tashi, tsukewar bakin don ya taru ya doshi hanci. Kamfanin Riedel da ke garin Kufstein a Ostiriya shi ya yi fice wajen ware wa kowace irin giyar inabi nata fasalin kofi, musamman tun jerin da Claus Riedel ya fitar a 1973, sauran kamfanoni suka bi sahu. A Jamus ɗin da Gwaggo take, garuruwan Zwiesel da Spiegelau na jihar Bavariya sun daɗe suna wannan sana'a, har da sunayensu ake sayar da kofunan. To Hajiya ta sha ganin irinsu a talabijin a hannun mutanen da ta san me suke sha. Idonta bai yaudare ta ba.

Abin tambaya shi ne ko fasalin kofi yana haramta abin da ke cikinsa. Fatawa aikin malamai ce, amma wannan ba ɓoyayyar mas'ala ba ce. A Sahihu Muslim akwai hadisin Buraida, inda Manzon Allah (SAW) ya ambaci wasu mazubai da ya taɓa hana amfani da su, sannan ya bayyana cewa mazubi ba ya halatta abu, ba ya kuma haramta shi, duk abin da ke sa maye shi ne haramun. Mazuban da aka hana ci da sha a cikinsu kai tsaye su ne na zinariya da azurfa. Naki sababbi ne fil daga kwali, ba abin da ya taɓa shiga cikinsu sai zoɓo. Amma akwai malaman da ke ƙyamar a sha halattaccen abu cikin salon mashaya, irin a ɗaga kofi sama a gwara da na wani, ko a tsara zama ya yi kama da nasu, saboda gudun kamanceceniya da su. Ina jin a nan zuciyar Hajiya ta tsaya, ko da ba ta kawo shi da hujja ba. Ke nan ke ba ki yi laifi ba, ita ma ba shirme ta faɗa ba.

Yanzu da hujja ta shigo hannunki, roƙona ki ninke ta ki ajiye. Kada ki tura hadisin a zauren WhatsApp na dangi, kada ki ɗora a sitatus, kada ki aiki maigida ya je ya karanta wa mahaifiyarsa. Za ki iya cin gardamar, amma za a yi shekaru ana cewa amaryar wane ta yi wa uwar miji wa'azi a kan kofi. Dattijuwa ta zo gidan ɗanta ta faɗi abin da take so ta sha ruwa a ciki, wannan haƙƙinta ne na baƙuwa tun kafin a zo ga na uwa. Ki sayo kofin silba mai kyau mai murfi, ki ware shi ya zama na Hajiya ita kaɗai, duk ranar da ta zo a ciki za a kawo mata. In kin tashi zuwa gaishe ta, ki tafi da gorar zoɓon nan mai sanyi, ki ce, "Hajiya, ran nan ba ki sha zoɓona ba, ga shi na biyo ki da shi." Ba sai kin ambaci kofi ba. In ita ta tayar da maganar, ki ce Gwaggonki ce ta aiko, kin kuma ji abin da ta ce. Ki tsaya a nan.

Na san abin da ya fi ƙona miki rai shi ne a gaban faccaloli aka yi. Da ta ja ki gefe da ya fi, ba na musu. Amma ki lura, magana biyu ta yi ta ja bakinta. Ba ta ce a fitar da su daga gidan ba, ba ta kira ɗanta ta kafa masa sharaɗi ba. A ma'aunin uwar miji wannan sassauci ne. Faccaloli kuwa, wadda ta yi dariya a ranar ita ma an taɓa gwale ta, ko tata ranar tana tafe. In kin ga jera su a falo zai riƙa tsone wa Hajiya ido duk zuwanta, ki mayar da su kabad ɗin kicin ko na ɗakinki, su ma kofunan hakan ya fi musu. In kuma shi maigidan ne daga baya ya fara jin wani iri a ransa, ku je tare wurin malamin da kuka yarda da shi ku tambaya, ku bi abin da ya ce, don gidan naku ne ku biyu.

Sai yarinya. Ki sake duban abin da ta yi da idon da ya huce. Washegarin Sallah, gajiya ta kwantar da ke, 'yar sakandare ta tashi ta tarar da tulin wanke-wanke ta hau yi ba wanda ya sa ta. Da yawa daga sa'o'inta da tsallake shi za su yi su ɗauki waya. Ta wanke kofunan yadda aka koya mata wanke komai a gidansu: ruwan zafi, omo, a dirje da ƙarfi har ya yi ƙal. Ba wanda ya taɓa ce mata akwai gilashin da ba a yi masa haka, ke ma ba ki ce kin gaya mata ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ta yi ɓarna, gaskiya ne, ya kuma kamata ta san ta yi, amma ta riga ta biya da kukan da ta sha da raɓe-raɓen da take yi a gidan yayanta tun ranar. Ke ce babba, ke za ki fara. Ƙanwar miji abokiyar wasa ce, wannan ƙofa ce da al'ada ta bar miki a buɗe. Ki kira ta kicin ki ce, "Zo nan, mai fasa kayan amarya, yau sai kin gyara abin da kika ɓata." In ta yi murmushi an wuce wurin. Daga nan ki gaya mata a fili cewa faɗan ya yi yawa, kuma dalili shi ne kofunan daga hannun wadda ta raine ki suka fito. Yarinya mai shekarunta za ta gane wannan fiye da yadda kike zato. Kada ki ce ta biya, kada kuma maganar ta isa kunnen Hajiya ta bakinki, don in ta isa za a haɗa ta da ta ranar Sallah a ce haushin uwa kika huce a kan 'ya.

Gyaran kofunan tare za ku yi shi, ita a tsaye tana kallo, daga baya ki miƙa mata ɗaya ta gwada. Hazon gilashi iri biyu ne. Akwai wanda ya kwanta a kan gilashin kawai: ragowar sabulu, maiƙo, da farin gishirin da ruwan rijiya ko na bohol ke bari in ya bushe. Akwai kuma wanda gilashin ne kansa ya zaizaye. Wannan na biyun ba ya gyaruwa, amma yawanci sai an daɗe ana saka kofi a injin wanke-wanke da ruwa mai tsananin zafi da sabulu mai ƙarfi yake faruwa. Naki wanki ɗaya aka yi musu, a ruwan da ya sha kitsen rago, don haka na fi zaton na farkon ne. Ki gwada da guda ɗaya. Ki fara wanke maiƙon da sabulun ruwa, sannan ki haɗa farin ruwan khal rabi da rabi da ruwa mai ɗumi, ki kwantar da kofin a ciki kamar minti 20 zuwa 30, ki ɗauraye, ki goge. In babu khal, ruwan lemon tsami da aka tace yana yi. In ya washe sai ki bi sauran. In hazon ya tafi amma da kika ɗaga kofin saitin taga kika ga siraran layuka suna zagaye shi, wannan kartar soson waya ce da yashin gindin tukunya. Ita kam ta zauna ke nan, sai dai ba ta hana amfani, kuma da an zuba jan zoɓo ba mai lura da ita. Wanda ya ɓantale a baki kada a ƙara sha da shi, leɓe zai yanka. Ki zuba tsinken sakace a ciki ko ki saka masa fure.

Wankinsu nan gaba ga yadda yake. Ki cire zobe da awarwaro. Ki shimfiɗa tawul a gindin robar wanke-wanke, ki yi nesa da kan famfo, don bakin kofi sau da yawa a jikin famfo yake ɓantalewa. Ruwa mai ɗumin da hannu ke jurewa, ɗigo biyu na sabulun ruwa, da soso mai laushi da aka ware musu su kaɗai. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, ba a tara su a ruwa suna karo da juna. Ki tallafo cikin kofin a tafin hannunki, ƙafar ta ratsa tsakanin yatsunki biyu, ki fi kula da baki inda jan-baki da maiƙon leɓe ke zama. Kada ki tura hannunki duka ciki, siririn gilashi daga ciki yake fashewa ya yanki mutum. Ruwan ɗauraya ya zama ɗuminsa ɗaya da na wanki, don in kofi ya fito daga zafi ya faɗa sanyi tsagewa yake yi, haka ma in aka zuba masa ƙanƙara yana da sauran ɗumi. In ruwan unguwarku mai barin fari ne, ɗaurayar ƙarshe ki yi ta da ruwan leda.

Wurin wankewa da gogewa aka fi karya ƙafar kofi, ina kuma kyautata zaton ta nan biyunki suka tafi. Mutum zai riƙe gindin da hannu ɗaya, ya cusa soso ko tsumma a ciki da ɗayan, sai ya murɗa, hannu ɗaya na yin dama ɗaya na yin hagu. Duk ƙarfin a ƙafar yake taruwa, ita ce kuwa mafi rauni, sai kawai ki ji ƙas, gindi a wannan hannu, kofi a wancan. Ki nuna wa yarinyar wannan da kyau: in cikin kofin ake gogewa, cikin ake riƙewa, in an gama a sauko ƙafa, sannan gindi, kowanne daban. Ƙyallen ya zama na auduga mara gashi, tsohon farin kallabi da ya sha wanki ya yi laushi yana yi, tawul kuwa gashi yake bari. Ma'aikatan manyan otal-otal suna kara kofin a kan tururin ruwan zafi ya yi gumi kafin su goge, shi ke ba shi sheƙin nan da kike gani.

Ajiya kuma a tsaye kan gindinsu, ba a kife ba, don baki shi ne mafi siranta, kuma kofin da ya daɗe a kife warin katako yake kamawa. Ki bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu, kada a saka wani cikin wani. Abubuwa biyu ne a gidajenmu ke ɓata irin wannan gilashi waɗanda masu ƙera shi ba su yi lissafinsu ba. Na farko ƙurar hunturu. In ta kwanta musu kada ki share da busasshen tsumma, akwai yashi a cikinta, karta za ta yi; ɗaurayewa ake yi. Na biyu turaren wuta. Hayaƙinsa mai maiƙo ne, yana manne wa gilashi ya bar shi dishi-dishi, sai ki zuba kunun aya ki ji yana ƙamshin sandal. Ɗakin amarya kuwa ba ya rabuwa da kasko, don haka ki nisanta su da inda kike turare. Kwalin da suka zo a ciki mai ɗaki-ɗaki kada ki jefar, ranar tashi daga gida zuwa gida za ki gode masa.

A jikin kwalin ma akwai abin da nake so ki duba. Gilashin da ake kira kiristal asalinsa da dalma ake haɗa shi, tun zamanin George Ravenscroft a Ingila cikin shekarun 1670. Dalmar ce ke ba shi nauyi da walƙiya. A dokar ƙasashen Turai tun 1969, sai sinadarin dalma ya kai kashi 24 cikin ɗari kafin a sayar da gilashi a matsayin kiristal mai dalma. In kin ga an rubuta 24% PbO ko Bleikristall, to akwai ta. In bleifrei aka rubuta, babu, kuma yawancin siraran kofunan da manyan kamfanoni ke yi yanzu babu, sun maye gurbinta da wasu ma'adanai. Dalilin dubawar shi ne abu mai tsami yana jawo dalma daga gilashi in ya daɗe a ciki. Wani bincike na jami'ar Columbia da ke New York da aka buga a 1991 ya nuna haka a kan abin shan da aka ajiye a kwalaben kiristal na tsawon watanni. Zoɓo da tsamiya da lemon tsami kuwa duk masu tsami ne. Kada jin kalmar dalma ya sa ki tuno Zamfara a 2010, inda gubarta daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400, ki firgita. Wancan ƙura ce da yara ke shaƙa suna haɗiya dare da rana a tsakar gida, kofin da aka sha abu a ciki na minti goma bai kama ƙafarsa ba. In naki masu dalma ne, ki jiƙa su a khal kwana guda, daga nan a riƙa zubawa ana sha nan take, kada abu ya kwana a ciki, kada a ba ƙananan yara, in kuma Allah ya kawo rabo ki ajiye su sai kin sauka.

Maigida kuma, "kofi ne kawai" maganar namiji ce da ya tsinci kansa tsakanin matarsa da ƙanwarsa da uwarsa yana neman wuta ta mutu, ban ɗauke ta raini ba. Amma ya kamata ya san abin da ya taɓa ki. Ki sami lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba baƙo ba waya, ki gaya masa ba gilashin ke damunki ba, Gwaggo ce. In bai gane ba ki tambaye shi cikin raha yadda zai ji in aka jiƙa masa shaddar angwancinsa a bilic aka ce ai yadi ne kawai. Tayin da ya yi kuma ki karɓa hannu bibbiyu, sai dai ki juya shi. Abin da gidanku ke buƙata daga kasuwa shi ne dozin ɗaya ko biyu na tambulan masu kauri, irin na Luminarc na Faransa ko Paşabahçe na Turkiyya, waɗanda za a ba yara da taron Sallah da na suna, in ɗaya ya fashe a share a wuce. Siraran kofuna ba na taron mutum ashirin da yara suna guje-guje ba ne. Na ke da shi ne bayan isha'i, ko ƙawaye biyu-uku da suka zo hira. In za ki zuba, kada ki cika, kashi ɗaya cikin uku ya isa, sai ki ji yadda ƙamshin citta da kanumfari zai taru a baki. Aikin da aka ƙera kofin ya yi ke nan, bai kuma san mene ne a cikinsa ba.

In kin ƙuduri sai kin sayi masu ƙafa a nan, ki tafi da ɗaya daga cikin naki a naɗe, kada ki dogara da hoton waya. Ki sa mai shago ya buɗe kwalin ya fito da su duka, ba guda ɗaya na talla ba. Ki zagaya bakin da yatsa: mai kyau a yanke yake sumul, mai araha yana da kumburi kamar zobe. Ki bi ƙafar daga sama zuwa ƙasa: in kin ji layi irin na ɗinki, ko gaɓa a inda ta haɗu da kofin, na ƙasa-ƙasa ne, mafi kyau ƙafar daga jikin kofin aka jawo ta ba yankewa. Ki ɗaga shi saitin haske ki duba ko yana da kore-kore ko ƙwayoyin iska da yawa. Ki ɗora shi a kan kanta ki taɓa ki ga ko yana rawa, gindin kuma faɗinsa ya kusa na cikin kofin, in ba haka ba gefen mayafi ma zai kifar da shi. Ki ɗan ƙwanƙwasa da farce, lafiyayyen kiristal ƙararsa tana ja, wanda ya tsage ko na banza nan take take mutuwa. Sitika ba hujja ba ce, kowa na iya mannawa. Manyan kamfanoni yawanci a gindin kofin suke zana sunansu. Wanda aka hura da baki ya fi siranta da tsada da saurin karyewa, na inji ya ishe ki. Kada kuma a rinjaye ki da iri uku ko huɗu, wai wannan na kaza wancan na kaza. Matsakaici mai cin mililita 400 ko kusa da haka yana yin komai, in shida kike buƙata ki sayi takwas.

Sai dai da wuya ki samu irin na Gwaggo sak a kasuwa, kuma ban so ki cike gurbin da masu kama don ki rufe ta. Wadda ta zaɓa da hannunta, tana ɗagawa za ta gane a nauyi, daga nan maganar ta tashi daga fashewar kofi ta koma ɓoye-ɓoye. Ki kira ta tun yanzu, kada ki jira Disamba. Ki fara da gaya mata kin fito da su da Sallah, sannan ki ce an samu tsautsayi wurin wanki, uku sun tafi, tara na nan. Ba sai kin kama sunan yarinyar ba, maganar Hajiya kuwa kada ma ta fito, don in ta ji an kushe kyautarta za ta sauka da ɓacin rai a kan surukanki, ke ce kuma za ki zauna da su bayan ta koma. Matar da ta raini yarinya tun tana shekara bakwai ta ga fashe-fashen kwanuka iri-iri, kila ma wasu ke kika fasa mata. Na fi zaton jin kina amfani da su zai fi faranta mata fiye da ta zo ta tarar da sha biyu cif ba wanda ya taɓa kai su baki.

Kamfanonin can sukan yi shekaru suna fitar da samfuri ɗaya, ana kuma samun sa biyu-biyu ko shida-shida, don haka cike gurbin a wurinta ba wuya ba ne. Ki ɗauki hoton gefen kwalin inda suna da lamba suke, da tambarin da ke gindin kofin, ki auna tsayinsa da santimita ki tura mata. Ki ce maigida ne zai biya, ko da kin san ba za ta karɓa ba. In ta ce za ta taho da su, ta bar su a kwalinsu ta saka a jakar hannu, kada ta zuba su a akwatin da za a jefa cikin jirgi. In kuma ta yi shiru a kan maganar, kada ki sake tuna mata, tara sun ishi teburinki. Allah ya kawo ta lafiya.